Ranar da Yaro Ya Kawo Sakamako

Yau za mu yi magana a kan ranar da yawancinmu iyaye muka sani, wato ranar da yaro ya dawo gida ya miƙa mana takardar sakamako, kansa a sunkuye. Bara shi ne na biyar a aji, bana ya koma na talatin. Lissafi ya faɗi, Turanci da ƙyar ya haye. Mu kuwa sai da muka sayar da buhun masara kafin muka biya kuɗin makarantar nan.

Mun san abin da muka saba yi. Mu ɗauko bulala, ko mu ce, "Dubi ɗan maƙwabcinmu." Wani uban ma yakan ce shi a zamaninsa kullum na ɗaya yake zuwa, alhali ba wanda ya taɓa ganin takardarsa.

Damuwarmu tana da dalili. Mai neman shiga jami'a a Nijeriya yana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci, a fannoni da yawa kuma har da Lissafi, ga kuma JAMB tana jiransa. Wanda ya yi sake a aji ɗaya na babbar sakandare, a aji uku zai biya bashin. Amma Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni, cikin Kolosiyawa sura 3 aya 21, cewa tsananin da ya wuce kima yakan kashe wa yaro zuciya. Yaron da zuciyarsa ta mutu zai zauna gaban littafi awa biyu don tsoronmu, shafi ɗaya bai juya ba.

Mu tuna da Maryamu cikin Luka sura 2. Ɗanta mai shekara 12 ya ɓace mata a Urushalima, sai bayan kwana uku ta same shi cikin Haikali. Duk da irin wahalar da ta sha, da tambaya ta fara. Mu ma, 'yan'uwa, bari mu tambaya kafin mu yanke hukunci.

Sau da yawa abin da muke kira lalaci wani abu ne dabam. Akwai yaron da ba ya ganin allo sosai daga bayan aji, shi kansa bai sani ba, yana tsammani haka kowa yake gani. Gwajin ido a asibiti zai nuna. Akwai wanda barci ne bai ishe shi ba. Likitoci sun ce matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare, namu kuwa yana riƙe da waya har ƙarfe ɗaya. Lissafi kuma kamar gini yake. In wani darasi ya wuce shi a ƙaramar sakandare, duk abin da aka ɗora a kai zai karkace, kuma kunya ba za ta bar shi ya ɗaga hannu a aji ba.

Sa'an nan mu dubi gidanmu. 'Yarmu ta dawo makaranta, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta goyi ƙanenta, ta hura wuta. Ƙarfe tara na dare muke tambayarta ko ta yi jingar da malam ya ba ta, ga shi an ɗauke wuta. Mu na ikilisiya ma muna da namu laifi. Litinin koyon waƙa, Laraba addu'a, Alhamis birged, Jumma'a kwanan addu'a. Dukansu ayyuka ne masu kyau, amma maraicen yaro ɗaya ne ake rabawa. In jarrabawa ta kusa, mu shugabanni ya kamata mu fara cewa, "Je ka gida ka yi karatu."

Wata uwa za ta ce, "Ni ban yi boko ba, da me zan taimake shi?" Mama, kina iya keɓe masa awa ɗaya da ba mai aikensa ko'ina. Kina iya zama kusa da fitila kina tsince wake, ki ce ya gaya miki da Hausa abin da aka koya masa yau. In ya iya bayyanawa, ya gane. In ya tsaya, kin san inda ramin yake. Baba kuma ya je wurin malamin aji tun tsakiyar zango, ya roƙa a nuna masa makin gwaje-gwajen da aka riga aka yi. Daga nan a nemi wani ɗalibi ko malami cikin ikilisiya da zai zauna da yaron ran Asabar, su koma kan darasin da ya wuce shi.