Yadda Na'ura Ke Gane Fuska



Kun tuna zaɓen 2023? In yatsa ya ƙi, sai na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, ta duba fuska. To, yaya take gani?

Ba ta da ido. Lissafi take yi. A wurinta, hoto ɗigo-ɗigo ne, kamar saƙar tabarma, kowane ɗigo da lambarsa ta haske da launi. Daga lambobin nan take fitar da zubin fuska, irin tazarar idanu da faɗin hanci. Sai ta gwada da hoton rajista. Lissafi ne, jama'a, ba tsafi ba. Shi ya sa duhu ke rikita ta.

Irin wannan fasahar har cutar ganyen rogo take ganowa ta wayar hannu. A ganina, a gona muka fi buƙatarta.

Mu kwana nan.