Littafin Zuciya: Jawabi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa na Ƙafin Maiyaki da baƙinmu daga Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Kowacce a nan ta san amfanin littafin zubi. Naira ɗari ta shiga, a rubuta. Ta fita, a rubuta, shi ya sa ba ma rigima ranar kwasa. To, damuwar da ke shiga zuciya fa, ina muke rubuta ta?

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma in haɗiyar ta yi yawa, sai barci ya ƙaurace, kai ya ɗau ciwo, a huce a kan yara. Ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga zaman gida.

A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana 4. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti bai kai na waɗanda suka rubuta abubuwan banza ba. Damuwa tana cikin kai kamar zare ne a cukurkuɗe. In ta sauka a takarda, sai ki ga bakinsa.

Ki sayi ɗan littafi. Bayan Isha'i, ki rubuta abu uku: me ya dame ni yau, me zan iya yi a kai, me na gode wa Allah a kansa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, ba mai duba miki kuskure. Ki adana shi inda ido ba ya kai wa, in kuwa kina tsoron a gani, ki rubuta ki ƙona. Wadda ba ta iya rubutu ba, ga ajin yaƙi da jahilci. Kafin nan ta sami aminiya mai riƙon amana.

Sai dai littafi ba likita ba ne. In baƙin ciki ya kai mako biyu, ba ci ba barci, ko kina jin rayuwar ta ishe ki, ki faɗa wa wani, a je asibiti. Akwai na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya maimaita mana.