Abdu Mumuni da Karatun Yaranmu

Iyayenmu dattawa, Allah shi ƙara muku girma. 'Yan'uwa da kunka komo daga bida, na Abijan da na Ikko, barkanku da isowa gida lafiya.

An nemi mu malaman lakkol mu yi magana bisa karatun yara. To, za mu ɗauko zancen daga rayuwar mutum guda, wanda jami'ar Yamai ke amsa sunanshi tun 1992, watau Abdu Mumuni.

A Tasawa anka haife shi cikin 1929. Ya yi lakkol nan ƙasar, sannan anka tura shi makarantar William Ponty ta Sinigal, inda Faransa ke horon malamai da ma'aikatan ƙasashen da take mulki. Daga can sai birnin Pari. Cikin 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa a fannin kimiyyar fizik.

Mafi yawan mutane da aikin rana sunka san shi. Ya fara shi a Bamako, daga 1969 kuma ya riƙe ma'aikatar ONERSOL a Yamai, inda anka ƙera abin dahuwa da abin ɗuma ruwa da zafin rana kawai. Duk wanda ya bi ta Malbaza ya ga tashar lantarkin rana mai megawat 7 da anka buɗe cikin 2018, to ya ga irin abin da mutumin nan ya daɗe yana faɗi. Ya zama shugaban jami'ar Yamai cikin 1979, ya rasu cikin 1991.

Amma mu abin da ya fi damunmu shi ne littafin da ya wallafa cikin 1964 bisa ilimi a Afirka. Ciki ya duba yadda hankalin yaro ke girma, da yadda kakanninmu ke renonshi: yana ƙarami yana gindin uwa, in ya tasa namiji shi bi uba gona, mace ta bi uwa, kowane aiki daidai da shekarunshi, kuma gari duka ke tarbiyyarshi. Ya nuna wanga ilimi ne na gaske. Laifin lakkol ɗin Nasara, a ganinshi, ta raba yaro da gidansu, ta kuma fara mishi karatu da harshen da bai ji. Mutumin da ya kai ƙarshen karatun faransanci shi ne ya ce a fara koya wa yaro da harshen uwarshi.

Mu da anka horar da faransanci, kullum muna ganin haka cikin aji. Yaro ɗan shekara 7, a kasuwar Ƙwanni yana iya lissafin canji tsakanin naira da sefa. Ka tambaye shi biyu da uku da faransanci, sai shi sunkuyar da kai. Uban ya ji, ya ce yaron ba shi da kai, gara shi bi shi bida. Alhali ba kai ya rasa ba, harshe ne ya tsare mishi hanya.

Tun 1973 anka fara gwada lakkol mai harshe biyu a Damagaram, a soma da Hausa, faransanci shi shigo sannu sannu. Duk da haka, har yau akwai iyaye da ke cewa, "Hausa ai a gida ya iya ta, mi za a koya mishi?" Iya magana daban, iya rubutu daban. Yaron da ya gane yadda baƙi ke haɗuwa su ba da kalma cikin Hausa, faransanci ba ya ba shi wuya kamar wanda anka fara mishi da abin da bai fahimta.

Don haka roƙonmu ga masu komawa bayan kaka: ku bar mana yaran su ƙare aji shida. Wanda zai aiko kuɗi gida, shi ware na kaye da biro tun daga can, shi faɗa wa mai karɓa ko na mi ne. Ku kuma iyayenmu, in munka aiko ku zo aji ku gaya wa yara tarihin garin nan da sunayen itatuwan daji, don Allah ku amsa kira.