Ƙuri'a Ba Ma'aunin Bangaskiya Ba Ce

 

Ba sai na maimaita muku abin da ya biyo bayan Yulin 2022 ba, lokacin da Bola Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima mataimaki a tikitin APC, dukansu Musulmi, ƙungiyar Kiristoci ta CAN kuma ta ce ba ta yarda ba. Tana da 'yancin ƙi. Inda muka rabu da wasu abokan aikina, kuma har yau muna ja, shi ne da suka mai da ƙuri'a ma'aunin bangaskiya. Na ga dattijon da ya ƙi miƙa wa ɗan'uwansa hannu a ƙofar majami'a, alhali yanzu suka tashi daga Jibin Ubangiji. Na ga matasa sun fitar da ɗan ƙungiyar mawaƙa daga zaurensu na WhatsApp, suna kiransa Yahuza, don an ga hoton tsintsiyar APC a babur ɗinsa.

An ce mana Kirista sun yi magana da murya ɗaya. To, mu duba alƙaluman INEC na zaɓen shugaban ƙasa da ya biyo baya. Jihar Binuwai, wadda kowa ya san Kirista ne mafi rinjaye a cikinta, Tinubu ne ya ci ta da ƙuri'a kimanin dubu 310, Peter Obi na biye da dubu 308, Atiku Abubakar ya kwashi dubu 130. Makonni uku bayan haka suka zaɓi limamin Katolika, Hyacinth Alia, gwamna a ƙarƙashin APC ɗin nan da aka ce haramun ce. A Filato, cibiyar COCIN da hedikwatar ECWA, Obi ya yi nasara da dubu 466, amma Tinubu ya samu dubu 307, Atiku dubu 243. Ku haɗa biyun ƙarshe, sun zarce na Obi. Za a ce ai Musulmin Jos da Wase ne. To, na Gboko da Makurɗi a Binuwai fa? Duk waɗannan dubban sun yi ridda ke nan?

Manyan ma ba su haɗa kai ba. Babachir Lawal da Yakubu Dogara tare suka fara yaƙi da tikitin Tinubu da Shettima, amma ɗaya ya bi Obi, ɗaya ya bi Atiku, Simon Lalong kuwa shi ya jagoranci kamfen ɗin Tinubu. Su suna da hanyar komawa teburi ɗaya gobe. Talakan coci aka bari da gaba.

Masu cewa a Amurka ma haka masu bishara suke yi, sai su tambayi majami'un da suka dare gida biyu kan Trump ribar da suka ci.

Ku zo gida. A Sakkwato ratar da ke tsakanin Atiku da Tinubu ba ta kai dubu 4 ba, Obi kuma bai kai dubu 7 ba. Mu tsiraru ne a nan. Faston da ke tsawa a Legas ba shi zai sayi gero a kasuwar Shagari da safe ba. Ranar 12 ga Mayun 2022 da aka kashe ɗaliba Kirista Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir, Bishop Kukah ya roƙi a kwantar da hankali, amma an goge saƙon tir daga shafin Atiku. Mai neman ƙuri'a lissafinsa daban ne, kowace jam'iyya yake.

Don haka ina sake roƙon da na daɗe ina yi. Kada a ba ɗan takara makirufo a lokacin sujada. Kada ma'aji ya karɓi kyautarsa a lokacin kamfen, ko da rufin majami'a na yoyo. Faston da ke son yin kamfen ya ɗauki hutu, ya sauka daga bagade tukuna. Dattawanmu na yankin nan kuma su rubuta bukatunmu a takarda ɗaya: filin maƙabarta, takardun mallakar filayen majami'u, malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. A kai wa kowane ɗan takara kwafi kafin zaɓen 2027, a gaban hakimi.