Abin da Yaranmu Za Su Koya a Darasin Lissafi na Ƙaramar Sakandare

Wannan jawabi ne da wani malamin lissafi ya yi wa iyayen yara, maza da mata, masu halartar ajin yaƙi da jahilci.

 

Da yawa daga cikinku kuna da yara a ƙaramar sakandare, ko masu shirin shiga. Shekara uku ake yi a cikinta, bayan shekara shida ta firamare. Dokar UBE ta shekarar 2004 ta ce waɗannan shekaru tara kyauta ne, kuma wajibi ne ga kowane yaro. Lissafi yana cikin darussan da ba a barinsu. A ƙarshen aji uku yaro zai zauna jarrabawar da ake kira BECE, kuma akwai lissafi a cikinta.

Sau da yawa uba yakan ce mini, "Malam, ni ban san lissafin boko ba, sai dai ku." To, Baba, ka san shi. Sunayen ne kawai ba ka sani ba.

A aji ɗaya ana fara wa yaro da kaso: rabi, sulusi, rubu'i, da kaso cikin ɗari. Wanene a nan bai san zakkar hatsi ba? Gonar damina ɗaya cikin goma, ta noman rani da aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Wanda ya samu dami 60 zai fitar da 6. Wannan shi ne kashi 10 cikin 100 da ke littafin ɗanka. A wannan aji kuma zai koyi awon tsawo da faɗi da mita. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Idan malamin gona ya ce ka sa buhu 4 na taki a hekta, gonarka kuwa mita 100 ce da mita 50, to rabin hekta ke nan, buhu 2 ya ishe ka. Yaron da ya gama aji ɗaya ya kamata ya iya yi maka wannan awo.

A aji biyu ana shiga riba da faɗuwa, da kuɗin ruwa, da lambobin da ke ƙasa da sifili, wato irin lissafin wanda ake bi bashi. Bari mu ɗan tsaya a kan riba, domin nan ake yawan ruɗewa. Mace ta sayi rago Naira 80,000. Ta kashe 20,000 a dusa da harawa da magani. Da sallah ta sayar 110,000. Sai ta ce ta ci ribar 30,000. A'a, Inna. Kuɗin da ya fita 100,000 ne, riba 10,000 ce, wato kashi 10 cikin 100. Ba mu ma sa wahalarki a lissafi ba. Idan 'yarki tana aji biyu, ita ya kamata ta riƙe miki littafin kiwo.

Har ila yau a aji biyu za su koyi abin da magina suka daɗe da sani. Idan aka auna ƙafa 3 a gefe guda, ƙafa 4 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya ba da ƙafa 5, to kusurwar ɗaki ta tsaya daidai.

Abin da ya fi tsorata yara shi ne ranar da suka ga harafi a cikin lissafi. Su ga x, su ce Turanci ya shigo cikin lamba. Ana kiran wannan fanni aljabra. Daga Larabci sunan ya fito, daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Babban yanki na littafin nan kan rabon gado da wasiyya yake. Harafin x ba komai ba ne illa abin da ake nema. Misali, mutum ya rasu ya bar Naira 240,000, babu bashi, babu wasiyya, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku, mace ɗaya. Matar tana da sumuni, wato 30,000. Saura 210,000. Rabon 'ya mace shi ne x. Kowane namiji yana da ninkinsa biyu. Maza uku kaso shida, da na mace ya zama bakwai. A raba 210,000 gida bakwai, x ya zama 30,000. Kowane namiji 60,000. Liman ya saba yin wannan a ka. Yaro zai koyi rubuta shi a takarda, a aji uku kuma a haɗa masa abu biyu da ake nema a lokaci guda.

Kada wani ya ce lissafi baƙo ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan tsara lambobi cikin hatimi a shekarar 1732. A Alƙahira ya rasu a 1741.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Yara da yawa suna zuwa mana aji ɗaya ba su haddace sau ba. Ka ce bakwai sau takwas, yaro ya kama jan layi a ƙasa. Wanda bai san 56 ba, yaya zai yi da kaso? Ga kuma littafin da Turanci, ya zama kaya biyu a kai ɗaya. Mu malamai ma muna da laifi. Ni kaina na taɓa yin gudu don in gama manhaja kafin jarrabawa, na waiwaya na ga rabin aji sun tsaya tun a mako na uku. Bulala kuwa ba ta taɓa koya wa kowa rabawa ba.

Abin da nake roƙo a wurinku kaɗan ne. Lissafi kamar ginin ƙasa yake, sai sahu ɗaya ya zauna ake ɗora wani. Yaron da ya yi fashin mako biyu lokacin girbi, ko yarinyar da ake ɗora wa talla kowace ranar kasuwa, za su dawo su tarar an wuce su. Idan aikin gona ya matsa, a bari sai an tashi daga makaranta. Ku saya masa littafin rubutu na lissafi shi kaɗai, da rula, da ɗan akwatin kayan awo. Tunda yanzu kun iya karatu, ku buɗe littafin nan kowace Juma'a. Ku duba kwanan wata. Ku duba ko akwai jan biron malami. Idan mako biyu ya wuce ba a duba aiki ba, ku zo makaranta ku tambaya, haƙƙinku ne. Duk mai son 'yarsa ta zama nas ko likita, ko ɗansa ya zama injiniya, sai yaron ya ci lissafi a babbar sakandare, kuma daga nan ake ɗaukar guzurin.

Ga aikin gida, naku da yaranku. A kasuwarmu buhun gero tiya 40 ne. Gida yana cin tiya ɗaya da rabi kullum. Buhu 3 zai kai su kwana nawa? Ku lissafa a ka, yaro ya lissafa a takarda, ku gwada amsa. Mako mai zuwa ku kawo wa malamar ajinku.