Bangon Toka Da Ƙuncin Rai



Maganata yau a kan bangon ɗakunanmu ne. Da yawanmu haya muke zaune, bango filastar siminti ce ruwan toka, daɓe ma siminti. Ga shi a nan Ibadan ruwa yakan sauka tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, gari a lumshe. Bango mai duhu shanye haske yake yi, fari kuwa mayar da shi yake cikin ɗaki. Ƙarancin hasken rana kuma yana kawo kasala da ƙuncin rai, har barci ya rikice. To, su wa ke yini a ɗaka? Matanmu da tsofaffi da ƙananan yara.

Ku tuna ɗakin amarya a gida: farar ƙasa a bango, jeren kwanuka ja da shuɗi da rawaya, ga tabarma mai ado. Kowa ya shiga sai ransa ya yi fari.

Don haka magidanta, a nemi izinin mai gidan haya, a shafa farar ƙasa ko farin fenti. A riƙa buɗe taga da hantsi, a sauya labule mai duhu. Kuɗin bai kai na ɗinkin salla ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya. Wassalam.