Wa Zai Fara? Fifikon Alamomi a Harsunan Kwamfuta



In an aiki mutum kasuwa ya sayo fararen awaki da tumaki, shin tumakin ma sai farare, ko kuwa awakin kaɗai ake nufi? Mai hankali zai juyo ya tambaya. Kwamfuta kuwa ba ta tambaya, ƙa'idar da aka ɗora ta a kai take bi. Wannan ƙa'ida ita ce batunmu a yau.

Mu ɗauki 2 + 3 × 4. An koya mana a makaranta cewa ninkawa da rabawa suna gaban tarawa da ɗebewa, saboda haka amsa 14 ce. Harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fito da shi a kamfanin IBM a 1957, wannan tsari ya bi, kuma galibin harsunan da suka zo bayansa sun gaje shi. Amma Smalltalk daga hagu yake somawa ya yi dama, sai ya ba da 20. Shi kuwa APL na Kenneth Iverson daga dama yake somawa: in an ba shi 2 × 3 + 4 zai ce 14, alhali FORTRAN zai ce 10. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowane gida da al'adarsa. Ashe ma'ana ba a jikin alamomin take ba, yarjejeniya ce ta waɗanda suka tsara harshen.

Yarjejeniya kuwa in ta kafu, tumɓuke ta sai an sha wuya. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara wajen 1972, alamar == mai gwada daidaito tana gaban alamar &. Wanda ya rubuta x & 1 == 0 don ya san ko lambar x tana rabuwa biyu daidai, to, na'ura za ta fara gwada 1 da 0, sa'an nan ta ba shi amsar "a'a" ko da wace lamba ce. A 1993 Ritchie da kansa ya yarda cewa da sun gyara tun farko da ya fi. Sun bar shi ne don kada su wahalar da masu tsofaffin shirye-shirye. Ga shi C++ da Java da JavaScript duk sun gaji jerin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya kan masana. Akawun da ke neman matsakaicin makin ɗalibi mai 40 da 60, in ya rubuta 40 + 60 / 2 a Excel, 70 zai samu maimakon 50. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, takarda za ta fito tsaf, a sa hannu, a buga hatimi. Haka albashi, haka fansho, haka kuɗin kwangila. Kuskuren da ya tsai da aiki mai sauƙi ne, domin kowa zai gan shi. Wanda ya wuce shiru shi ne mai cin haƙƙin mutane.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Duk inda zuciya ta yi waswasi, mu sa baka biyu, mu rubuta (40 + 60) / 2. Mu kuma jarraba kowane lissafi da ƙananan lambobin da muka san amsarsu kafin mu miƙa wa na'ura na jama'a. Gobe wani ne zai zauna a teburinmu ya karanta abin da muka rubuta, ba kuwa za mu kasance kusa ba balle ya tambaye mu.

Allah ya sa mu riƙe amana. Wassalam.